Ƙararrawar da Na Ƙi Kaɗawa

A Daura muna da wata ƙungiya da ba ta da ofis, ba ta biyan kowa albashi, amma tana da rigima kamar majalisa. Ƙungiyar masu shaguna ce da ke amfani da manhaja iri ɗaya wajen tafiyar da kasuwancinsu. Manhajar ce ke faɗa maka katan ɗin sabulu nawa ya rage, ita ke fitar da rasit, ita ke tona asirin yaron shago idan gwangwanin madara ya yi ƙafa. Abbana yana ciki, domin yana sayar da hatsi da kayan masarufi. Ni kuwa ta taga na shiga, saboda tun ina ƙaramar sakandare ni ke danna masa wayar, shi yana tsaye a kaina yana cewa, "A hankali, kada ki goge mini shago."

Kamfanin da ya yi manhajar yana can wata duniya, bai san da zamanmu ba. Idan abu ya cije wa mutum, zauren ƙungiya na waya yake shiga ya yi kuka, sai wanda ya taɓa cin karo da matsalar ya ba shi amsa. Sau ɗaya a shekara kuma, bayan an gama kaka, sai a haɗu ido da ido a ɗakin taron wata makaranta da ake ara mana. Mutanen Zango su zo a motar haya, na Baure su zo da guzurinsu, na Mashi su zo a babura kamar za su ci gari da yaƙi. Komai aikin sa-kai ne. Wani ya kawo janareta, wani kujeru, wani majigi, matar wani ta dama kunun aya. Farin zanen gadon Ummata ma ɗan ƙungiya ne, domin a kansa ake haska majigin.

Taron yana da doka biyu, kuma duka a hannun mai riƙe da ƙararrawa suke. Ta farko, duk mai jawabi minti goma gare shi, da an kaɗa ya sauka ko da shi ne ya sayi man janareta. Ta biyu, wanda ya hau ba ya sauka sai an kaɗa. An kafa wannan ne saboda masu kunya, waɗanda suke hawa su ce "to, haka ne dai" su gudu kafin a yi musu tambaya. Mai ƙararrawa ba a yi masa gyara. Shugaban ƙungiya ma, wani dattijo mai shagon magani, idan aka kaɗa masa haɗiye sauran maganarsa yake yi.

A shekarar da aka cuce ni, taubashina ne ke riƙe da ƙararrawar. Ɗan Goggona ne, ƙanwar Abba, ya girme ni nesa ba kusa ba. Yana da shagon gyaran waya, kuma shi ya raɗa wa kansa suna Injiniya ba tare da an yanka rago ba. A gaban manya ina ce masa Yaya. A bayan idonsu ina ce masa bawana, tunda ni 'yar namiji ce shi ɗan mace, kuma ba ni na kafa al'adar ba.

Shekarar nan na gano wani abu da ya daɗe yana damun masu hatsi. Manhajar ta san buhu, ta san katan, amma ba ta san tiya ba. Idan ka fasa buhun gero ka sayar da tiya biyu da rabi, sai ta rikice kamar an tambaye ta hanyar Maka. Na yi ta dannawa har na gano yadda za a koya mata. Abba ya yi murna, ya sa aka ba ni wuri cikin masu jawabi. Ni ce mace mafi ƙanƙanta da ta taɓa hawa. Na yi ta gwaji a gaban madubi, na yi a gaban ƙannena, na yi a gaban awakin Umma har babbar ta daina tuƙa tana saurare.

Abba ya gargaɗe ni da abu ɗaya. "Kada ki hau ki fara zuba kamar rediyo. Ki gaishe da manya ɗaya bayan ɗaya, kada a ce ban ba ki tarbiyya ba."

Na hau. Na gaishe da Shugaba, na gaishe da iyayenmu maza, na gaishe da iyayenmu mata, na gaishe da baƙinmu na nesa. Na buɗe baki zan ce "buhu" ke nan, sai na ji ƙararrawa. Rabin lokacina ma bai tafi ba. Injiniya ya miƙe yana murmushi, ya karɓe abin magana daga hannuna.

"Mun gode wa Malama," in ji shi. "Yau mun ƙaru da gaisuwa. Baɗi in Allah ya kai mu za ta kawo mana sallama."

Ɗakin ya kwashe da dariya. Na tabbata har a Kongolam, can bakin iyaka, an ji ta. Wani mutumin Mashi ya ƙware da kunun aya sai da aka bubbuga masa baya. Na sauko ban san da wace ƙafa ba. Da Abba ya yi magana, aka ce masa ai wasan taubasai ne, kuma mai ƙararrawa ba a yi masa gyara. Daga ranar sunana ya koma Malama Gaisuwa. A zauren waya idan na ba da amsa, sai wani ya rubuto, "Ba ki gaishe mu ba." Yaran da ke zuwa sayen sukari ma sai su tsaya a bakin shago suna jero mini "ina kwana, ina gajiya, ina iyali" har sai na ɗauko muciya.

Umma ta ce in bar wa Allah. Na bar masa, amma na riƙe kaɗan a gefe.

Shekara guda na yi ina tunanin ramuwa. Na yi tunanin zuba masa barkono a kunu, na ga zafinsa ba zai wuce yini ba. Na yi tunanin sace masa iskar babur, na ga ba mai gani. Ni kuwa a gaban jama'a aka ƙona ni, a gaban jama'ar nan nake son jin ƙaurin nasa. Sai wata rana ina share wa Abba waya saboda ta cika, na ci karo da bidiyon tarurrukan baya. Na zauna na kalli duk jawaban Injiniya a jere, kamar mai karatun jarabawa.

Abin da na gani ya sa na ajiye wayar na yi rawa a tsakar gida. Duk shekarar da zai yi jawabi, Injiniya yana zaɓar batu mafi nauyi. Zai hau ya yi gaisuwa, ya kawo tarihin kwamfuta tun tana cika ɗaki, ya ba da labarin wani abokinsa da ke Kano. Da ya kai hannu kan waya zai nuna yadda ake yi, sai ƙararrawa ta kaɗa. Sai ya girgiza kai cikin takaici ya ce, "Da ba don lokaci ba, da na nuna muku. Mai son ƙarin bayani ya same ni a shago." A tafa masa, ya sauka da girmansa. Ba a taɓa ganin ya danna komai ba. Ƙararrawar da ya kashe ni da ita, ita ke raya shi.

Da aka zo rabon ayyukan taro na gaba, kowa ya kama wanda ya saba. Aka zo kan ƙararrawa kowa ya noƙe, domin ba mai son ya katse sa'an ubansa. Injiniya ba zai riƙe ba tunda zai yi jawabi. Na ɗaga hannu. Shugaba ya dube ni ta saman tabarau, ya dubi Abba, ya sake dubana.

"'Yata, mun san abin da ke ranki. Za mu ba ki, amma sai kin yi alkawari a gaban mahaifinki. Ba za ki kaɗa wa yayanki kafin lokacinsa ya cika ba."

"Na yi alkawari, Baba. Ko da daƙiƙa ɗaya ba zan rage masa ba."

Ban taɓa yin alkawarin da ya yi mini daɗi a baki kamar wannan ba.

Injiniya kuwa murna ya yi ta yi. A tunaninsa ba zan iya daurewa ba, zan kaɗa masa da wuri, ya sauka a matsayin wanda aka zalunta. Har tsokanata ya riƙa yi don in ƙara hasala. Ana jibi taro ya biyo ta shagonmu, ya jingina da buhun dawa.

"Malama Gaisuwa, an ce an ba ki sarauta. Hannun naki zai iya ɗaga ta kuwa?"

"Zai iya, bawana. Me za ka koyar bana?"

"Abin da ya fi ƙarfin kanki. Yadda ake kwashe duk bayanan shago daga tsohuwar waya zuwa sabuwa."

"Allah ya ba da sa'a. Ka shirya sosai dai."

"Mu ba ma shiri. A jininmu yake."

Ranar taro na ci kwalliya kamar mai zuwa suna. Aka ajiye mini kujera a gefen dandamali, ƙararrawar makarantar a cinyata, agogon Abba a hannuna. Duk wanda ya hau na kaɗa masa daidai, ba ƙari ba ragi. Shugaba ya riƙa gyaɗa kai yana nuna ni da baki, alamar yarinyar ta shiryu.

Bayan sallar Azahar aka kira Injiniya. Ya hau cikin shadda mai maiƙo, hula ta karkace, wayoyi biyu a hannu ɗaya. Ya gaishe da Shugaba da iyaye da baƙi. Ya shiga tarihin kwamfuta. Abokinsa na Kano ya zo ya wuce. Daga nan ya ɗaga waya sama ya ce, "To, yanzu zan nuna muku," ya ɗan juyo da kunnensa wajena.

Ni kuwa ina duba lallen hannuna. Ya kama sosai a shekarar.

Ya yi gyaran murya. Ya tuna bai gaishe da mutanen Baure daban ba, ya gaishe su. Ya gaishe da mai janareta. Ya yi wa waɗanda suka jera kujeru addu'a, ya haɗa da iyayensu da kakanninsu. Saura kaɗan ya gaishe da zanen gadon Umma. Ya sake waiwayowa, na sakar masa murmushin ƙanwa ta gari. A nan ne ya gane. Na ga lokacin da abin ya sauka a fuskarsa, kuma da ana sayar da wannan kallo da na saya na rataye a ɗaki.

"Injiniya," in ji Shugaba, "mun amsa gaisuwa. Shiga bayani."

Kafin ya samo wata hanya, wata Hajiya mai babban kanti a Baure ta miƙe daga ɓangaren mata. Ta ce saboda jawabin nan ta yi sammako. Ta ciro tsohuwar waya mai fasasshen gilashi da wata sabuwa fil a kwalinta, ta ba wani yaro ya miƙa.

"Ga nawa, ɗana. Yi da su kowa ya gani. Duk kantina yana cikin tsohuwar nan."

Aka jona wayar da majigi, kantin Hajiya ya bayyana a jikin zane, daga taliya har man shafawa. Injiniya ya dudduba ya ce abin takaici, babu sabis a ɗakin nan. Mutumin Mashi, wanda ya ƙware da kunu bara, ya ce nasa layin yana kamawa ko a cikin rijiya, ya buɗe masa data. Injiniya ya ce cajin tsohuwar wayar ba zai kai ba. Kafin ya rufe baki an miƙo masa abin caji daga kowace kusurwa. Ya ɗaga kai ya saurari janareta, da fatan za ta yi tari. Mai janareta ya leƙo ta taga ya ce, "Kwantar da hankalinka, Injiniya, na cika ta, za ta kai mu Magariba." Ban taɓa son mutanen ƙungiyarmu kamar ranar ba. Ba su san suna taya ni ba, halinsu ne kawai, ba sa iya ganin mutum cikin matsala su ƙyale shi. Duk ƙofar da ya nufa, sai wani mai kirki ya rufe ta da taimako.

Ya fara dannawa. Ya shiga nan ya fita, ya shiga can ya dawo inda ya fara. Gumi ya zana taswira a bayan shaddar. Abba ya harare ni daga cikin maza, na nuna masa agogo na ɗaga kafaɗa, kamar mai cewa ni ma jiran lokaci nake. Shugaba ya motsa a kujera, amma dokar da suka kare Injiniya da ita bara tana nan ba ta tsufa ba.

Can sai wani rubutun Turanci ya fito a zane, da manyan baƙaƙe, yana tambaya ko a share duk abin da ke cikin wayar a fara sabo. Wasu sun karanta, wasu ba su iya ba, amma kowa ya ga jan launi. Injiniya ya tsayar da yatsa a saman wayar.

"Ɗana, me ta ce?" in ji Hajiya.

"Tana... tana tambaya ne, Hajiya."

"To ba ta amsa mana."

Ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni. Ya manta abin magana yana bakinsa, don haka kowa ya ji.

"Ƙanwata, lokaci bai yi ba?"

"Da saura, Yaya."

"Duba agogon da kyau."

"Na duba. Bara ka rage mini, bana na ƙara maka. Yi a hankali, ba mai korar ka."

Wani ya tuntsire da dariya a baya, aka ce masa ya yi shiru. Na ɗaga ƙararrawar sama yadda zai gan ta, na riƙe harshenta da yatsa. Na san bawana. Yana da baki, amma ba shi da zuciyar da zai share kantin Hajiyar Baure ya kwana a ƙasar Daura. Hanya biyu ta rage masa, kuma ɗayar ta bi ta kan Hajiya, mai 'ya'ya maza majiya ƙarfi da suka rako ta.

Ya ajiye wayar a kan tebur kamar ƙwai. Ya cire hula ya share goshi.

"Jama'a," in ji shi, murya can ƙasa, "gaskiya wannan ban iya ba."

"Ba mu ji ba daga nan baya," in ji mutumin Mashi, kuma har ga Allah bai ji ɗin ba.

"Na ce ban iya ba."

Sai na saki harshen ƙararrawar. Na kaɗa ta da hannu biyu, na kaɗa har ɗaliban da ke wasa a fili suka ruga aji ranar Asabar. Dariyar da aka yi ta ninka tawa. Hajiya ta karɓi wayoyinta tana cewa, "Allah ya yi maka albarka da ka tsaya, da yau ka ga aikin injiniya." Da aka fita shan iska, wani mai shagon taki daga Zango da wasu mutum biyu suka zauna da ita a gindin darbejiya, suka yi ta gardama har suka kwashe mata bayanan. Injiniya bai tsaya cin shinkafa ba. An ce an ga babur ɗinsa ya bi hanyar da ba ta gidansu ba.

Shugaba ya zo da kansa ya zare ƙararrawar daga hannuna.

"Kin karya alkawari."

"Baba, cewa na yi ba zan rage ba."

Gemunsa yana motsi, na san dariya ce yake dannewa. Duk da haka kwamiti ya zauna a ranar ya yanke hukunci: an haramta mini riƙe ƙararrawa har abada, an mayar da ni wankin kwanuka. Na karɓi hukuncin da hannu biyu. Na wanke kwanukan taron nan ina waƙa, har Umma ta ce ko aljanu ne.

Da muka isa gida Abba ya ce ko me ya faru, Injiniya yayana ne, kuma Goggo ta riga ta kira shi har sau ba adadi, don haka gobe da hantsi in je in ba da haƙuri.

Na je. Na tarar da Goggo a tsakar gida tana kwashe dambu. Ta yi mini faɗa sosai, ta ce na tozarta mata ɗa a gaban mutanen ƙasa uku, ta ce ni da ubana halinmu ɗaya tun yana yaro. Na durƙusa na sunkuyar da kai, ina kallon dambun ta ƙasan ido. Da ta gaji ta nuna mini ɗakinsa. Labule a sake, takalmansa a bakin ƙofa.

"Yaya, Abba ya ce in zo in ba ka haƙuri."

Na ƙara matsawa kusa da labulen.

"Yaya, ka ji? In ƙara murya? Maƙwabta ma sai su shaida."

"Na ji. Tafi."

"Ka yafe?"

"Na ce ki tafi."

Goggo ta kira shi ya fito ya ci abinci, ya ce ba ya jin yunwa. Ta tsaya da kwanon a hannu, dambu ya sha zogale da ƙuli da man gyaɗa, tana ta faɗan za a yi asarar abinci. Na ce mata ai zunubi ne a bari ya lalace. Ta dangwarar mini da shi. Na ja tabarma har bakin labulensa, na zauna, na cinye tas, ina yi ina yaba wa Goggo hannu da ƙarfi yadda na ciki zai ji.